Jimmy Murphy: Kocin da ya raini yaran Manchester United har sau biyu

A ranar 25 ga watan Mayun 2024, Manchester United ta doke maƙwabciyarta Manchester City da ci 2-1 a wasan ƙarshe na kofin FA a filin Wembley. Alejandro Garnacho ne ya fara zura ƙwallo, Kobbie Mainoo ya ƙara ta biyu. Kowannensu shekararsa 19 a lokacin, kuma dukansu sun bi ta makarantar horar da matasa ta ƙungiyar.

Akwai wani abu kuma da ya haɗa su. Garnacho ya lashe kyautar gwarzon matashin ɗan wasan ƙungiyar a 2022, Mainoo ya karɓa a 2023. Kafin su, Ryan Giggs da Paul Scholes da Danny Welbeck da Marcus Rashford duk sun taɓa ɗaga ta. Sunan da ke jikin kyautar shi ne Jimmy Murphy.

Da za a shiga gidan kallon ƙwallo a ce magoya bayan United su lissafo manyan da suka gina ƙungiyar, za a ji Alex Ferguson, a ji Matt Busby, a ji Bobby Charlton. Da wuya a samu wanda zai ambaci Murphy. Bai taɓa zama cikakken kocin ƙungiyar ba sai riƙon ƙwarya na 'yan watanni. Amma shi ne ya raini yaran da suka ɗaga sunan United a shekarun 1950, shi ya raka gawarwakinsu maƙabarta bayan hatsarin jirgin sama, shi kuma ya sake zama ya raini wasu.

Yaron garin kwal

An haifi James Patrick Murphy ranar 8 ga watan Agustan 1910 a yankin Rhondda da ke kudancin Wales, yankin da yawancin mazansa a ramin haƙar kwal suke cin abinci. Mahaifinsa ɗan asalin Ireland ne, gidansu kuma mabiya ɗariƙar Katolika ne. Yana yaro ya iya kaɗa molon coci, amma ƙwallo ce ta fitar da shi daga garin. A 1924 ya buga wa tawagar 'yan makaranta ta Wales, a 1928 kuma West Bromwich Albion ta ɗauke shi yana da shekara 17.

Ɗan wasan tsakiya ne mai tare hanya, irin wanda ba ya jin tsoron saka ƙafa. Ya buga wa West Brom wasa sama da 200, har da wasan ƙarshe na kofin FA na 1935 da Sheffield Wednesday ta doke su da ci 4-2. Ya buga wa ƙasarsa wasa 15. A 1939 ya koma Swindon Town, bai daɗe ba Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, taka ledarsa ta ƙare a nan.

Ya yi aikin soja a arewacin Afirka, daga baya aka kai shi Italiya. A birnin Bari, yayin da yaƙin ke dab da ƙarewa a 1945, aka ba shi kula da wasannin sojoji. Wata rana yana yi wa wasu sojoji bayani kan ƙwallo, sai wani soja ya tsaya yana sauraro. Matt Busby ne, tsohon ɗan wasan Manchester City da Liverpool, wanda suka sha haɗuwa da shi a fili kafin yaƙi. Busby ya riga ya amince zai karɓi ragamar Manchester United. Yadda ya ga sojojin sun yi tsit suna bin bakin Murphy ya sa a nan take ya yi masa tayin aiki. Murphy ya iso Manchester a 1946.

Ƙungiyar da ba ta da fili, ba ta da kuɗi

United ɗin da suka tarar ba ita ce wadda aka sani yau ba. Jiragen yaƙin Jamus sun ragargaza Old Trafford a 1941, don haka a filin Manchester City, Maine Road, take karɓar baƙi har zuwa 1949. Ga bashi a kanta. Sayen manyan 'yan wasa ba abu ne mai yiwuwa ba.

Tunanin raino daga gida kuwa ya girmi Busby da Murphy a ƙungiyar. Tun a 1938 shugabanta James Gibson da sakatarenta Walter Crickmer suka kafa wani ɓangare na musamman domin tattaro yara masu hazaƙa daga makarantu. Yaƙi ya katse shi. Abin da Busby ya yi shi ne ya mayar da shi ginshiƙin ƙungiyar, ya danƙa wa Murphy. Busby na kula da manya, Murphy na riƙe da ƙungiyar ajiya da ta yara.

Halinsu ya sha bamban. Busby mutum ne mai sanyin magana, mai iya zama da 'yan jarida da masu hannu da shuni. Murphy kuwa zafi gare shi, muryarsa ba ta ɓuya, kullum yana cikin kayan atisaye da taɓo a jiki. Ba ya son kyamara, ba ya son taro.

Ga yadda aikin yake tafiya. Masu farautar 'yan wasa, ƙarƙashin Louis Rocca, daga baya Joe Armstrong, suna yawo wasannin makarantu a Ingila da Ireland. Idan suka ga yaro, sai a je gidansu a zauna da iyayensa. A wancan zamani yaro na barin makaranta yana da shekara 15, amma doka ba ta yarda ya sanya hannu a matsayin ƙwararre ba sai ya kai 17. A tsakanin nan ƙungiya kan sama masa sana'ar koyo ko ta ba shi aikin shara da goge takalman manya. Duncan Edwards kafinta ya fara koyo, Bobby Charlton kuma ya yi aiki a wani kamfanin injiniyoyi. Waɗanda suka zo daga nesa ana ajiye su a gidajen wasu iyaye mata da ƙungiyar ta yarda da su, su ciyar da su, su sa musu ido.

Da yamma, musamman Talata da Alhamis, sai a haɗu a filin atisaye na The Cliff da ke Salford. A nan Murphy yake, tare da abokin aikinsa Bert Whalley, tsohon ɗan wasan United da ciwon ido ya tilasta masa ajiye takalmi. Idan Murphy ya yi wa yaro kaca-kaca, Whalley ne ke bi ya rarrashe shi.

Koyarwar Murphy ba ta da wani sirri. Maimaici ne har sai abu ya zauna: tsayar da ƙwallo, miƙa ta ga na kusa, matsawa inda za a sake ba ka. Charlton ya zo yana yaro da ƙafa mai ƙarfi da son wurga dogon fasin daga wannan gefen fili zuwa wancan, abin da ke sa 'yan kallo tafi. Murphy ya hana shi. Yakan tsare shi bayan kowa ya watse, wani lokaci har ranar Lahadi, yana nuna masa cewa doguwar ƙwallon da aka tare ita ce ke jawo wa ƙungiya ci. Ya kuma sa shi dukan ƙwallo da ƙafa biyu ba adadi, har ya zama ba a gane wacce ce ƙafarsa ta asali. Charlton, wanda daga baya ya ci kofin duniya da kyautar Ballon d'Or a 1966, ya yi ta faɗa har ƙarshen rayuwarsa cewa babu wanda ya koya masa ƙwallo kamar Murphy.

Kofi biyar a jere

A kakar 1952-53 hukumar ƙwallon Ingila ta ƙirƙiro kofin FA na matasa, na 'yan ƙasa da shekara 18. Kamar don Murphy aka yi shi. Yaransa suka lashe na farko, suka lashe na biyu, haka har sau biyar a jere, daga 1953 zuwa 1957. A wasan ƙarshe sun doke Wolverhampton Wanderers sau biyu, sannan West Brom, da Chesterfield, da West Ham. A kakar farko akwai wata ƙaramar ƙungiya, Nantwich, da suka yi wa ruwan ƙwallaye 23 ba ko ɗaya.

A cikin yaran nan akwai wanda Murphy ya fi ƙauna, bai kuma ɓoye ba. Duncan Edwards ɗan garin Dudley ne, kusa da Wolverhampton, amma United ta riga Wolves shiga gidansu. Ya buga wa manyan United wasan farko a watan Afrilun 1953 yana da shekara 16 da kwana 185. Yana da 18 ya fara buga wa Ingila, ranar da ta lallasa Scotland da ci 7-2. Ƙato ne mai faɗin ƙirji, yana tare baya, yana raba ƙwallo, yana ci. Ko bayan ya zama ɗan wasan manya, yakan sauko ya buga wa yara kofinsu.

Tsofaffin 'yan wasan wancan lokaci na ba da wani labari. Ana ta surutu cewa yaran United ba su da komai sai Edwards, abin ya dami Murphy. Kafin wani wasa da Chelsea sai ya umarce su da su nuna wa duniya kowa ya iya, kada su dogara da mutum ɗaya. Aka tafi hutun rabin lokaci ana cin su. Da suka shiga ɗaki sai ya ce a manta da maganar ɗazu, duk wanda ya samu ƙwallo ya nemi Duncan ya ba shi. Suka kuma yi nasara.

Ba kowane yaro ne ya kai gaci ba, kuma Murphy ne ke da aikin da ba wanda ke so: kiran yaro ya shaida masa cewa tafiyar ta tsaya nan. A kowace shekara waɗanda aka sallama sun fi waɗanda aka riƙe yawa, kamar yadda yake a makarantun ƙwallo har gobe. Amma waɗanda suka tsallake sun isa su cika tawaga: Roger Byrne, Bill Foulkes, Mark Jones, Jackie Blanchflower, Eddie Colman, David Pegg, Dennis Viollet, Liam Whelan, Edwards da Charlton.

Busby ya yi abin da masu horarwa na zamaninsa ke gudu. Ya riƙa ajiye gwanayen da suka ci masa kofin FA a 1948 da gasar lig a 1952, yana saka yara a gurabensu. A 1956 United ta lashe lig da tazarar maki 11, a lokacin da cin wasa maki biyu ne kawai, kuma matsakaicin shekarun tawagar 22 ne. Ta sake lashewa a 1957. Ita ce ƙungiyar Ingila ta farko da ta shiga gasar zakarun Turai, duk da cewa hukumar lig ba ta so ba, ta kuma zuba wa Anderlecht ta Beljiyam ƙwallo 10 kafin Real Madrid ta tsayar da ita a wasan kusa da na ƙarshe.

'Yan jarida suka laƙaba musu Busby Babes, wato yaran Busby. Sunan ya bi su har yau. Mai son zolaya zai ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai maganar ba ta cika adalci ba. Busby ne ya yi ƙarfin halin saka su a fili, shi da kansa kuma yakan ce Murphy ne mutum na farko kuma mafi muhimmanci da ya taɓa ɗauka. Duk da haka, yaran sun san hannun da ya murza su.

Kujerar da bai zauna ba

A 1956 Wales ta naɗa Murphy kocinta, ya haɗa da aikinsa na mataimakin Busby. Wales ta faɗi a wasannin neman gurbin gasar cin kofin duniya ta 1958, amma siyasa ta buɗe mata ƙofa. Ƙasashen da aka haɗa da Isra'ila a rukunin Asiya da Afirka, ciki har da Indonesiya da Sudan, sun ƙi buga wasa da ita. Hukumar FIFA ta ce ba za a je gasar ba tare da an buga ko wasa ɗaya ba, aka yi ƙuri'a, Wales ta samu damar karawa da Isra'ila gida da waje.

Aka sa wasa na biyu ranar 5 ga Fabrairun 1958 a Cardiff. A ranar ce kuma United za ta fafata da Red Star a Belgrade. Murphy ya so bin yaransa, Busby ya ce ya je ya yi wa ƙasarsa aiki. Wales ta ci 2-0, ta samu gurbi karo na farko a tarihinta. United ta yi canjaras 3-3, ta tsallaka zuwa wasan kusa da na ƙarshe.

Washegari jirgin United ya sauka a birnin Munich na Jamus domin shan mai. Ana zubar dusar ƙanƙara. Sau biyu matuƙan na yunƙurin tashi suna fasawa. A karo na uku, narkakkiyar ƙanƙarar da ta taru a titin jirgin ta rage masa gudu, ya kasa ɗagawa, ya keta shinge ya daki wani gida. Mutum 44 ne a ciki, 23 suka rasa rayukansu.

Murphy ya dawo daga Cardiff a jirgin ƙasa, ya wuce Old Trafford kai tsaye cike da murna. Sakatariyar Busby ce ta tare shi da labarin. Byrne, Jones, Colman, Pegg, Whelan, Geoff Bent da Tommy Taylor duk sun mutu nan take. Shida daga cikinsu a hannunsa suka tashi, Taylor kuma, wanda aka saya daga Barnsley kan fam 29,999, shi ne ya yi ta zuwa kallonsa kafin a saye shi. Crickmer ya mutu, mai kula da lafiyar 'yan wasa Tom Curry ya mutu. A kujerar da ke gefen Busby, inda Murphy ya saba zama, Bert Whalley ne ya zauna. Shi ma bai tsira ba.

Kashegari ya tashi zuwa Munich. A asibiti ya tarar da Busby tsakanin rai da mutuwa, har limamin coci ya yi masa addu'ar bankwana. Da ƙyar Busby ya iya roƙonsa ya riƙe ƙungiyar kada ta rushe. Ya je gadon Edwards, wanda ƙodarsa ta lalace, yaron ya buɗe ido ya tambaye shi ƙarfe nawa za a take wasa da Wolves ranar Asabar. Murphy ya dawo gida ta jirgin ƙasa da na ruwa tare da mutum biyu da suka fita ba mummunan rauni, mai tsaron raga Harry Gregg da mai tsaron baya Foulkes.

Kwana 13

Akwai masu ganin ya kamata United ta haƙura da sauran kakar. Murphy ya ƙi. Da rana yana zuwa jana'iza ɗaya bayan ɗaya, da dare yana lissafin wanda zai saka a fili. Ya kwashe sauran 'yan wasan ya kai su garin Blackpool na bakin teku, nesa da makokin da ya lulluɓe Manchester. Ya sayo tsohon hannu Ernie Taylor daga Blackpool. Stan Crowther na Aston Villa kuwa saura kamar awa ɗaya a take wasa ya sanya hannu, hukumar FA ta ɗage masa dokar da ta hana ɗan wasa buga wa ƙungiya biyu a kofi ɗaya.

Sauran guraben daga ina za su fito? Daga ɗakin ajiyar da ya shafe shekara 12 yana cikawa. Ranar 19 ga Fabrairu, kwana 13 bayan hatsarin, United ta fito karawa da Sheffield Wednesday a kofin FA a gaban 'yan kallo kusan 60,000. A takardar shirin wasan, wurin sunayen 'yan wasan United 11 fayau aka bar shi, domin lokacin buga ta babu wanda ya san su. Alex Dawson bai cika 18 ba. Mark Pearson na da 18, wasansa na farko ke nan. Shay Brennan, ɗan shekara 20 da ya saba wasa a baya, aka tura shi gefen hagu na gaba. Ya ci biyu, ta farko kai tsaye daga kwana. Dawson ya ƙara ta uku.

Bayan kwana biyu Duncan Edwards ya cika a Munich, yana da shekara 21.

Charlton, wanda ya koma garinsu Ashington yana jinyar jiki da ta zuciya, ya dawo a farkon Maris. United ta fitar da West Brom, tsohuwar ƙungiyar Murphy, ta fitar da Fulham a wasan da Dawson ya ci uku rigis. Ranar 3 ga Mayu Murphy ya ja tawagar zuwa cikin Wembley, Busby na zaune a gefe yana dogara sanda. Bolton Wanderers ta ci 2-0, Nat Lofthouse ne ya zura duka, ta biyun ma ture Gregg ya yi da ƙwallon har cikin raga.

Ba a cika faɗin ɗaya ɓangaren labarin ba. A gasar lig, wasa ɗaya kacal United ta ci cikin 14 da suka rage, ta ƙare a mataki na tara. A Turai ta doke AC Milan 2-1 a gida, aka rama mata 4-0 a Italiya. Yaran da aka jefa cikin wutar kafin su nuna, da yawansu ba su daɗe ba: Dawson ya koma Preston a 1961, Pearson ya tafi Sheffield Wednesday a 1963. Kenny Morgans, wanda ya tsira daga jirgin yana da shekara 18, bai sake komawa yadda yake ba. Blanchflower da Johnny Berry ba su sake taka leda ba. Tsarin Murphy ya ginu ne a kan haƙuri, a bar yaro sai ya nuna kafin a tsinke shi, hatsarin kuma ya hana shi wannan haƙurin.

Ko hutawa bai yi ba ya wuce Sweden da tawagar Wales. Ta yi canjaras da Hungary da Mexico da mai masaukin baƙi, ta doke Hungary 2-1 a wasan raba gardama. A kwata fainal ta haɗu da Brazil ba tare da gwarzonta John Charles ba, wanda ya ji rauni. Ƙwallo ɗaya ce ta raba su, wani yaro ɗan shekara 17 mai suna Pele ya ci ta, ita ce kuma ta farkonsa a gasar cin kofin duniya. Wales ba ta sake zuwa gasar ba sai a Qatar a 2022, bayan shekara 64.

Raino na biyu

An sha ruwaito cewa bayan wannan shekarar manyan ƙungiyoyi irin su Arsenal da Juventus sun nemi ya zama kocinsu. Bai tafi ba. Da Busby ya warke ya miƙa masa kujerarsa, ya koma The Cliff.

A wannan karon United ta buɗe lalita, ta sayo Denis Law daga Torino kan fam 115,000 a 1962, ta sayo Pat Crerand daga Celtic. Amma ɗakin rainon bai rufe ba. Nobby Stiles ya fito, gajere mai raunin gani wanda wata ƙungiyar da ba ta kalle shi sau biyu ba. Johnny Giles ya fito, aka sayar wa Leeds a 1963, ya je can ya zama gagarabadau. A 1961 aka kawo wani siririn yaro daga Belfast, ya yi kwana biyu kewar gida ta kore shi, aka lallashe shi ya dawo. George Best ke nan. A 1964 shi da David Sadler da John Aston suka ciyo wa United kofin matasa na shida. A shekarar ce Murphy ya ajiye aikin Wales.

Ranar 29 ga Mayun 1968, shekara goma bayan Munich, United ta doke Benfica ta Portugal da ci 4-1 a Wembley, ta zama ƙungiyar Ingila ta farko da ta ɗauki kofin zakarun Turai. Cikin 11 da suka buga, takwas rainon gida ne: Foulkes, Brennan, Stiles, Charlton, Sadler, Aston, Best da Brian Kidd. Charlton ya ci biyu, Best ɗaya, Kidd ɗaya a ranar da ya cika shekara 19. Brennan, yaron da aka tura gaba a daren takarda fayau, yana nan a matsayinsa na mai tsaron baya.

Sarauniyar Ingila ta ba Busby lambar girma ta Sir a shekarar. Da ya sauka a 1969, Wilf McGuinness aka ɗora, ɗaya daga cikin yaran da Murphy ya raina, shi kuma Murphy aka bar shi ba takamaiman aiki. A 1971 ya yi ritaya. Busby ya samu kujera a hukumar daraktoci. Murphy, wanda bai taɓa koyon tuƙi ba, marubuta tarihinsa sun ce har kuɗin tasi da ƙungiyar ta saba biya masa aka yanke. Zumuncinsa da Busby ya yi sanyi, amma bai fita ya kai kuka gidan jarida ba.

Tommy Docherty ne ya dawo da shi a shekarun 1970 a matsayin mai farautar 'yan wasa. Idonsa bai dushe ba. Shi ya matsa a sayo Steve Coppell daga ƙaramar ƙungiyar Tranmere Rovers a 1975, yaron ya zama ɗan wasan Ingila. Ya ci gaba da bin filayen ƙananan ƙungiyoyi a jirgin ƙasa har tsufa ya cim masa.

Ya rasu a Manchester ranar 14 ga Nuwamban 1989 yana da shekara 79, lokacin Ferguson ya cika shekara uku ba kofi ko ɗaya, magoya baya na kiran a kore shi. Bai ga yaran 1992 ba, su Giggs da David Beckham da Gary Neville da Nicky Butt, waɗanda su ma wani kocin bayan fage, Eric Harrison, ya murza. Bayan rasuwarsa ƙungiyar ta sa wa kyautar matasa sunansa. Wanda ya fara karɓa shi ne Lee Martin, mai tsaron baya da ya ci ƙwallon da ta ba Ferguson kofinsa na farko, a wasan ƙarshe na FA da Crystal Palace a watan Mayun 1990.

Tun daga watan Oktoban 1937, United ba ta fitar da tawagar wasa ba face da aƙalla ɗan wasa ɗaya rainon gida a ciki, jerin da ya haura wasa 4,000 a watan Disambar 2019. An kafa mutum-mutumin Busby a Old Trafford a 1996, na Best da Law da Charlton a 2008, na Ferguson a 2012. Na Murphy sai ranar 3 ga Mayun 2023 aka buɗe shi a bayan ɓangaren Stretford End, daidai shekara 65 da ranar da ya ja ragowar yaransa zuwa cikin Wembley.